Wannan "Kawai" Ɗin Da Muke Liƙa Wa Baiwa

Makon jiya a wurin wani ɗaurin aure hira ta kai mu kan Mamman Shata. Wani abokina malamin makaranta ya kaɗa kai ya ce, "Ai irin su Shata baiwa ce kawai, ba kaifin ƙwaƙwalwa ba." Kowa ya gyaɗa kai, ni kuwa maganar ta tsaya mini a maƙogwaro.

Ba na musun baiwa, daga Allah take. To amma likita wa ya ba shi tasa ƙwaƙwalwar? Me ya sa shi muke kiransa haziƙi, mawaƙi kuwa mu ce baiwa ce, wasu ma su ce aljanu ne ke ba shi waƙa? Mun fi yarda aljani ya yi tunani a kan mu yarda maroƙi ya yi.

A dubi aikin da kansa. Shata na tsaye gaban taro, kalangu na tashi, 'yan amshi na karɓa. A ɗan tsakanin da suke amshi zai samo baiti na gaba, ya auna shi ya hau kiɗa daidai, ya tuno asalin wanda yake wa waƙa da garinsu da abokansa, ya lura da wanda ya shigo fili yanzu, ya kuma jefa habaicin da mai shi zai ji a jikinsa ba tare da an kama suna ba. Hadda ke nan, da auna lokaci, da sanin halin mutane, da sarrafa harshe, duk a numfashi guda. In wannan ba hazaƙa ba ce, a faɗa mini sunanta. Jami'ar Ahmadu Bello dai ta ba shi digirin girmamawa a 1988, kamar yadda ta ba Ladi Kwali, maginiyar tukwanen nan ta ƙasar Gwari, a 1977.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna wannan gardama. A 1904 wani Baturen Ingila, Charles Spearman, ya duba makin 'yan makaranta ya ga wanda ya iya darasi ɗaya yakan taɓuka a sauran, sai ya ce akwai wata basira ta gaba ɗaya da ke ƙarƙashinsu duka. Kiɗa na cikin darussan da ya auna, ya kuma sami alaƙarsa da wannan basira, ko da yake ba ta kai ta lissafi da harsuna ƙarfi ba. A 1983 Howard Gardner na Jami'ar Harvard ya zo ya ce basira iri bakwai ce, ta kiɗa ma mai zaman kanta ce. Har yau ba a daina jayayya da shi ba, amma ko a bi wancan ko a bi wannan, babu wanda ya fitar da mai fasaha daga sahun masu tunani.

Kada kuma a ɗauke ni da nisa. Iya waƙa ba ya mai da mutum masanin tattalin arziki, kuma yadda muke miƙa wa taurarin fim makirufo su yanke mana hukunci kan siyasa da addini wata wautar ce daban.

Damuwata tana aji ne. Akwai yaron da ke cika bayan littafinsa da zane, ko yake kiɗa da benci har aji ya ɗauka, ana ce masa daƙiƙi saboda ya faɗi jarrabawar lissafi. Malam, kafin ka ɗaga bulala, karɓi littafin nan ka duba zanen da kyau, sannan ka tambaye shi yadda ya yi.