Ga Ɗalibin da ke Son Binciken Ƙwaƙwalwar Yaro: Kada Ka Jira Na'ura



Ya ku 'yan'uwa masu karatu, musamman ɗalibanmu maza da mata da ke karatun digirin farko a fannin likitanci, ko aikin jinya, ko nazarin halayyar ɗan Adam, ko ilimin koyarwa: da yawa daga cikinku suna da sha'awar sanin abin da tashin hankali ke yi wa ƙwaƙwalwar yaro ƙarami. Amma da zarar lokacin zaɓen batun kundin kammala karatu ya yi, sai gwiwa ta yi sanyi. Hujjar kullum ita ce, wai wannan fanni na masu na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ne, mu kuwa ko wutar lantarki ba ta zauna mana ba. Daga nan sai a ɗauko wani tsohon kundi a kakkaɓe masa ƙura a sauya masa shekara. A nawa ra'ayin wannan hujja ba ta da ƙarfi, kuma asarar da take jawo mana babba ce.

Bari mu fara da abin da masana suka tabbatar. Ana haihuwar jariri da ƙwaƙwalwar da girmanta bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ta babban mutum ba, amma kafin ya cika shekara 6 ta kai kusan kashi 90 cikin 100. A waɗannan shekaru ne jijiyoyinta ke ƙulla hanyoyi tsakaninsu, kuma abin da yaro ke gani da ji da taɓawa shi ne ke zaɓen hanyar da za ta yi ƙarfi da wadda za ta shafe. Idan yaro ya tsorata, wani ɗan sashe mai suna amigdala yakan yi kururuwar haɗari, jiki ya saki sinadarai irin su kotisol, zuciya ta buga da sauri. Wannan rahama ce, domin da ita ake tsere wa maciji. Matsalar tana zuwa ne idan tsoron ya ƙi ƙarewa, kuma babu wani babba da zai rungumi yaron ya kwantar masa da hankali. A nan ne barci ke lalacewa, haddar karatu ta yi wuya, fushi ya zama kusa. Sashen gaban ƙwaƙwalwa kuwa, wanda ke riƙe linzamin mutum, ba ya gama nuna sai an kai wajen shekara 25.

To, ta yaya aka gano tasirin wannan a rayuwar mutum? Mai karatu zai yi mamakin jin cewa da yawa daga cikin manyan binciken wannan fanni da biro da takarda da haƙuri aka yi su.

Alal misali, tsakanin 1995 da 1997 likitoci biyu a Amurka, Vincent Felitti da Robert Anda, sun tambayi manya fiye da 17,000 a birnin San Diego game da ƙuruciyarsu: ko an riƙa dukansu, ko an ci zarafinsu, ko sun tashi a gidan da ake dukan uwa ko ake shaye-shaye. Suka kwatanta amsoshin da lafiyar mutanen. Rahoton farko da ya fito a 1998 ya nuna cewa waɗanda suka ɗanɗani nau'i huɗu ko fiye na waɗannan wahalhalu sun fi sauran haɗarin faɗawa shaye-shaye da ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai, da ninki 4 zuwa 12. Kayan aikin wannan bincike takardar tambayoyi ce da bayanan asibiti.

A tsibirin Kawai da ke Hawai, Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 har suka kai shekara 40. Cikin waɗanda suka tashi a talauci da rikicin gida, kusan ɗaya cikin uku sun girma sun zama mutanen kirki masu riƙe kansu. Abin da ya yi ta bayyana a tarihinsu shi ne samun aƙalla babban mutum guda da ya tsaya musu, ko kaka ce, ko gwaggo, ko malami. A birnin Kingston na Jamaika kuma, a 1986 da 1987, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun ɗauki yara 129 da rashin abinci ya tsumburar. Wasu daga cikinsu aka riƙa tura musu ma'aikaciyar lafiya gida kowane mako har shekara biyu, tana koya wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta. Bayan shekara 20 aka tarar waɗannan yara suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da kashi 25 cikin 100. Kusa da mu, a Saliyo, tun 2002 Theresa Betancourt ke bibiyar yaran da aka tilasta wa shiga yaƙin basasar ƙasar, kuma ta ga cewa waɗanda dangi da unguwa suka karɓa hannu biyu sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka riƙa ƙyama.

Ba ina raina na'ura ba ne. A binciken gidajen marayun Romaniya da Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah suka fara a shekarar 2000 da yara 136, na'urar auna motsin ƙwaƙwalwa ta taimaka wajen nuna illar tashi ba tare da kulawar mutum guda ba, aka kuma ga cewa yaran da aka mayar hannun iyayen riƙo kafin su cika shekara 2 sun fi farfaɗowa. Amma ko a can, tambayar ce ta riga na'urar zuwa. Kuma darasin da ke cikin waɗannan ayyuka duka ɗaya ne: wahalar ƙuruciya tana ƙara haɗari, amma ba hukunci ba ce da aka yanke wa yaro. Wannan ya sa tambayar da ta fi cancantar ƙarfin ɗalibi ita ce, mene ne ke kare yaro, kuma wa ke tsamo shi?

Yanzu mu dawo gida. Tun daga 2009 rikicin Boko Haram ya raba fiye da mutum miliyan 2 da gidajensu a arewa maso gabashin Najeriya, ya kuma tsallaka har Diffa a Nijar. An sace 'yan mata 276 a Chibok a 2014, aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, aka sake kwashe wasu a Jangebe a Fabrairun 2021. Bayan waɗannan da duniya ta ji labarinsu, akwai dubban yaran da suka kwana a daji suna jin harbi, babu wanda ya rubuta sunansu. Wasunsu yau suna zaune a aji, ana kiransu daƙiƙai ko masu taurin kai. Yaron da ke firgita cikin dare yana ihu, ko wanda ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, sau da yawa fassarar farko da ake yi masa ita ce shafar aljanu, ko kuma a sa masa bulala.

A ɗaya ɓangaren, wani nazari da Jeffrey Arnett ya fitar a 2008 ya nuna cewa kusan kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu a manyan mujallun nazarin halayyar ɗan Adam sun fito ne daga ƙasashen da ke ɗauke da kashi 12 cikin 100 kacal na al'ummar duniya. Wato littafin da kake karantawa a aji, da yaran wasu aka rubuta shi. Ya riƙon da kaka ke yi wa jika bayan yaye yake shafar yaro? Ya goyo a baya? Ya alkunyar ɗan fari? Ya rayuwar almajiri ɗan shekara 7 da ke nesa da uwarsa? A 1977 Robert Marvin da Robert LeVine da abokan aikinsu sun wallafa wani nazari kan jarirai Hausawa 18, inda suka ga jariri yakan shaƙu da masu reno uku ko huɗu a gida ɗaya. Jarirai 18, kusan shekara 50 da suka wuce! Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma kai ne mai ɗakin. Kana jin harshen, ka san yadda ake sallama a shiga gida, 'yar'uwarmu ɗaliba kuma tana iya zama da matan da baƙo ba zai taɓa gani ba.

Wani zai ce, ai ɗalibin digirin farko shekara guda kawai gare shi, kuma bai ƙware wajen tambayar yaron da ya ga an kashe mahaifinsa ba. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ta kawo mu ga sharaɗin da ba a yi masa rangwame: yaro amana ne. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, sa'adda kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya haɗa da yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a kan ko an nemi izinin iyaye yadda ya kamata, kafin a sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Rashin yardar da irin wannan ke haifarwa takan daɗe fiye da binciken kansa. Saboda haka kada ka je sansanin 'yan gudun hijira da takarda ka ce wa yaro ya ba ka labarin daren da aka kawo hari, ka fama masa ciwo, ka sami maki, ka tafi. Kai aikinka gaban kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a ko asibitin koyarwa tukuna. Nemi izinin iyaye da harshen da suke ji, ka nemi yardar yaron shi ma, ka ɓoye sunaye, kada ka ɗauki hoto. Kafin ka yi tambayar farko, ka san inda za ka tura wanda ka tarar yana buƙatar likita, kamar asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri da Kaduna da Kware.

Cikin wannan iyaka akwai aiki mai yawa da ya dace da ƙarfinka. Kana iya tambayar manya, 'yan'uwanka ɗalibai, game da ƙuruciyarsu, da takardar tambayoyin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara domin wannan. Kana iya zama da iyaye mata da malaman firamare da na allo ka rubuta alamomin da suke gani ga yaron da ya firgita, da abin da suke yi masa. Kana iya tattara kalmominmu, firgita da razana da kaɗuwa da ɗimuwa da fargaba, ka bambance inda kowace ke zama, domin likitan da bai san bambancinsu ba zai iya auna abin da ba shi ne ke damun mara lafiya ba. Ka riƙi ilimin ƙididdiga da muhimmanci, domin shi ne zai hana ka faɗin abin da alƙalumanka ba su faɗa ba. Sannan ka nemi malamin da ke da dogon aiki a hannu ka zama ɗan aikensa. Wanda ya fara da cike takardu yau, shi ne zai jagoranci bincike gobe.

Daga ƙarshe, ina kira ga malaman jami'o'inmu da su daina kashe wa irin waɗannan ɗalibai gwiwa da cewa batun ya fi ƙarfinsu. A rage musu faɗinsa, a tsare musu iyakarsa, a bar su su fara. Yaran da aka haifa a shekarar da rikicin arewa maso gabas ya ɓarke sun kusa zama iyaye, kuma abin da ba a fahimta ba a kansu yana iya bin 'ya'yansu.

Allah Ya ba yaranmu lafiya da kwanciyar hankali, Ya sanya albarka a karatun ɗalibanmu, Ya sa iliminsu ya amfani al'umma. Wassalamu alaikum.