Haihuwa a Cikin Ruwa: Me Ake Saye da Kuɗin Ajin?

Makon jiya wani tsohon ɗalibina da ke karatun digiri na uku a Ingila ya kira ni bayan sallar isha. Muka gaisa, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Malam, wata shawara nake nema, amma da nauyi." Ashe maiɗakinsa ce ke da juna biyu, cikin fari, kuma ta ƙudura a ranta cewa a gida za ta haihu, a cikin babban bahon roba da ake hurawa a cika da ruwan ɗumi. Ungozomar da ke duba ta ba ta hana ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne wani aji na shirin haihuwa, inda ake koya wa mata da miji sarrafa numfashi da kwantar da hankali, da zimmar a sauka ba allura ba tiyata. Kuɗin ajin ya haura fam 200, shi kuwa ɗalibi ne mai lissafin kowane kwabo. Ya biya, ko kuwa asara ce?

Na tuna masa cewa "Daktan" da ake kira na da shi ba na allura ba ne, duk da cewa hakan bai taɓa hana dangi kawo mini takardar gwajin jini in duba ba. Amma karatu sana'ata ce, sai na roƙe shi kwana uku. Abin da na tarar ya wuce shi da iyalinsa, shi ya sa na kawo zancen wannan fili.

Waɗannan azuzuwa suna da asali. Wani likitan Ingila, Grantly Dick-Read, shi ne ya fitar da littafi a 1933 yana cewa tsoro ne ke ɗaure jikin mai naƙuda, ɗaurewar ta ƙara zafi, zafin kuma ya ƙara tsoro. In aka ilimantar da mace, a ganinsa, an tsinke igiyar. A kan tunaninsa aka kafa ƙungiyar da a yau ake kira NCT a 1956, wadda har gobe take gudanar da irin waɗannan darussa a Birtaniya. A Faransa kuma Fernand Lamaze ya ziyarci Tarayyar Sobiyet a 1951, ya dawo da dabarun numfashin da ke ɗauke da sunansa. Shi kuwa baho, wani likitan Faransa ne, Michel Odent, ya shigar da shi ɗakin haihuwa a asibitin garin Pithiviers, kuma a 1983 ya wallafa bayanin haihuwa 100 da aka yi a cikin ruwa. Ya kamata mai karatu ya lura da abu guda: duk waɗannan mutane suna mayar da martani ne ga asibitocin da suka cika hannu, inda ake kwantar da mace rigingine, a yi mata allura, a yanke hukunci a kanta ba tare da an ji ta bakinta ba. Maganin yawa suka nema, ba maganin rashi ba.

To, ajin yana cika alkawarinsa? Gwajin da ya fi burge ni an yi shi ne a Suwidin, aka wallafa a 2009. An ɗauki mata 1,087 masu cikin fari, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya aka horar da su numfashi da sakin jiki tare da mazajensu, ɗaya kashin aka ba su darasin da aka saba. Da ranar ta zo, kashi 52 cikin ɗari na rukunin farko sun nemi allurar kashe zafi da ake yi a gadon baya. Na rukuni na biyu ma kashi 52. Ko tazarar gashi babu. Saboda haka duk malamar da ta ce wa mace in ta biya ta halarta ba za ta ji zafi ba, ko ba za ta buƙaci likita ba, tana sayar da abin da ba ta mallaka ba. Akwai ma wata illa da ba a cika faɗa ba: matar da aka cusa wa cewa jikinta ya san komai, in naƙuda ta ƙare da tiyata, sai ta fito tana ganin ita ce ta gaza. Wannan zalunci ne, ko da an lulluɓe shi da murya mai taushi.

Duk da haka ban ce wa ɗalibina asara ce ba, kuma dalilina wani adadi ne daban. A 2011 an fitar da sakamakon wani babban bincike a Ingila kan wuraren haihuwa, wanda ya bi mata fiye da 64,000 da cikinsu ba shi da wata matsala. Daga cikin masu haihuwar fari da suka shirya sauka a gida, kashi 45 cikin ɗari sai da aka kwashe su zuwa asibiti, ko ana tsakiyar naƙuda ko jim kaɗan bayan haihuwa. Ga waɗanda suka taɓa haihuwa, kashi 12 ne kacal. Haka kuma ga 'yan fari, mummunan sakamako ga jariri ya kai 9.3 cikin dubu a gida, a asibiti kuwa 5.3. Adadin ƙarami ne ta kowane ɓangare, amma bambancin na gaske ne. Ma'ana, maiɗakin ɗalibina tana gab da rabi da rabi: ko ta sauka a bahonta, ko ta ƙarasa a motar asibiti. Ajin da ya faɗa mata haka ƙarara, ya sa ta haɗa jakarta tun wata na takwas, ya koya wa mijin yaushe zai kira ungozoma da abin da zai yi in an ce a tashi, wannan aji ya ci kuɗinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shi kansa ruwan yana da ƙa'idoji, kuma galibinsu a wuyan miji suke. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce kada ɗumin ruwan ya wuce digiri 37.5, kuma a riƙa aunawa kowace sa'a. A 2014 hukumomin lafiya na can sun yi gargaɗi kan bahon da ake cikawa tun kwanaki kafin naƙuda a bar na'ura tana ɗumama shi, bayan wani jariri ya kamu da mugun ciwon huhu daga ƙwayar cutar da ta hayayyafa a cikin irin wannan ruwa. Cewa zama a ruwan ɗumi yana rage raɗaɗin naƙuda, wannan masana sun yarda. Inda suka rabu shi ne fitowar jaririn a cikin ruwa: ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa a fito a haihu a waje, yayin da wani babban bincike na Jami'ar Cardiff a 2024 bai ga ƙarin haɗari ba ga matan da cikinsu lafiya lau yake kuma ƙwararru na tsaye a kansu.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne gaba ɗayan zancen. Abin da ke tsare ran mace mai haihuwa a gida a Ingila ba bahon ba ne, ba kuma ajin ba. An tantance ta tun farko an ga ba ta da hawan jini ko wata barazana. Ungozoma mai lasisi tana zuwa da kayan aikinta da allurar tsayar da jini, ta biyu kuma kan iso in haihuwa ta kusa. Akwai mota, akwai titi, akwai asibitin da ya san da zuwanta.

A nan ne hankalina ya dawo gida. Bidiyoyin nan na haihuwa a ruwa, da fitilu masu laushi da miji yana riƙe da hannu, suna yawo a wayoyin ɗalibaina mata, kuma na ji wasu na sha'awarsu. Hoton yana tsallako teku, amma ungozoma biyun da motar ba sa biyo shi. Mu kuwa haihuwar gida ba baƙuwarmu ba ce. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari ne kawai na haihuwa a Nijeriya ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa bai fi kashi 16 ba. Binciken ya ƙiyasta mutuwar mata 512 a kowace haihuwa 100,000. Abin da Baturiya ke biyan kuɗi ta koya, wato ta durƙusa maimakon ta kwanta, kakanninmu sun riga ta. Ba banza muke cewa mace tana kan gwiwa ba. Abin da ba mu da shi shi ne abin yi in jini ya ɓalle, wanda kan iya kashe mace cikin sa'a biyu, ko in jijjiga ta kama ta, ko naƙuda ta kwana ta wuni. Wanda ya taɓa leƙa Babbar Ruga a Katsina, inda ake ɗinke mata masu yoyon fitsari, ya ga inda doguwar naƙuda ke kai yarinya.

Ajin shirin haihuwa kuwa muna da shi, sai dai mun raina shi. Shi ne jawabin da ma'aikaciyar jinya ke yi wa mata ranar awo, suna zaune a kan benci tun da sassafe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tun 2016 a ga mai ciki aƙalla sau takwas. Amma wa ke sauraron jawabin? Matar da ba ita ke da kuɗin mota ba, wadda sau da yawa ba za ta fita ba sai da izini, wadda kunyar cikin fari ta koya mata ta danne nishi kada surukai su ji. Mai izinin da mai kuɗin yana waje. Ni kaina, da digirina da komai, a cikin mota nake zama ina duba takardun jarrabawa duk ranar da na kai maiɗakina awo, kuma da a lokacin an tambaye ni alamomin haɗari uku ga mai ciki, da na yi zuru. Masana sun daɗe da bayyana jinkiri uku da ke kashe mai haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farkon a cikin gidajenmu yake faruwa, kuma yawanci a bakin namiji. In akwai abu ɗaya da zan kwaso daga azuzuwan Ingila in kawo Kano, kujerar miji ce, ba bahon ba.

Da kwana ukun suka cika na kira ɗalibina. Na ce su fara da darussan da asibitin gwamnati ke bayarwa kyauta, su je tare. In har yanzu suna son na kuɗin, ya tambayi malamar mace nawa cikin ɗalibanta suka ƙare a asibiti, da abin da take koyarwa game da ranar da shiri ya rushe. In ta ce irin wannan tunani yana jawo tsoro, ya riƙe kuɗinsa. Na kuma ce su zauna da ungozomar su ji minti nawa ne daga ƙofarsu zuwa ɗakin tiyata, su bar matar ta yanke hukunci bayan ta ji adadin nan na kashi 45 da kunnenta.

Ya yi godiya, sannan ya ce akwai sauran rina a kaba: ya gaya wa mahaifiyarsa a waya. Hajiya ta yi shiru, can ta ce ita dai a saninta sai an sauka ake dafa ruwan wanka, ta kuma tambaya ko can ana samun ganyen darbejiya.