Ƙiba da Maganin Ciwon Damuwa: Kada a Gudu Gara a Faɗa Gidan Zago

Gabatarwa

Bahaushe yana da gaisuwa iri biyu da yake yi wa wanda ya tashi daga jinya. In ya gan shi a rame sai ya ce, "Sannu, Allah ya ƙara sauƙi." In kuwa ya ga kumatu sun ciko, wuya ya yi kauri, sai ya ce, "Madalla, lalle ka murmure!" Wato a tunanin Bahaushe rama alamar cuta ce, ƙiba kuwa shaidar lafiya ce da hutu da kwanciyar hankali. Wannan tunani yana da tushe, domin al'ummar da ta sha fama da fari da yunwa da masassara ba abin zargi ba ce in ta ɗauki cikar jiki a matsayin arziki. To amma akwai wata ƙiba wadda ba hutu ne ya kawo ta ba, ita ce wadda takan biyo bayan shan maganin ciwon damuwa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, wannan ƙiba gaskiya ce, bai kamata likita ya ɓoye ta ba, bai kuma kamata majinyaci ya jefar da maganinsa a asirce saboda ita ba. Akwai hanya ta uku, wato a san da zuwanta tun da wuri, a auna ta, a kuma shawo kanta tare da likita.

Ciwon da Maganinsa

Ciwon damuwa ya bambanta da ɓacin ran yau da kullum wanda kan zo ya wuce. Likitoci sukan yi zaton sa ne idan mutum ya yi mako biyu ko fiye cikin ƙuncin zuciya, ya daina jin daɗin abubuwan da yake so a da, barcinsa da cin abincinsa suka rikice, ya kasa tattara hankalinsa ga karatu ko aiki, har wani lokaci ya riƙa ganin mutuwa ta fi masa rayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da shi a duniya.

Magungunan wannan ciwo ba su daɗe ba ainun. A 1957 ne wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Roland Kuhn, ya bayyana amfanin maganin imifiramin. Daga nan amitiriftilin ya biyo baya a farkon shekarun 1960, wanda saboda arahar sa ya zama cikin waɗanda aka fi bayarwa a asibitocin Nijeriya. A 1987 aka amince da fuloksetin a Amurka, wanda ya yi suna da Prozac. A shekarun 1990 kuma sataralin da faroksetin da mitazafin suka yaɗu. Kowannensu yana da amfaninsa, kowanne kuma yana da nasa lahani, kamar yadda ba a rasa ƙaya a jikin kifi.

Ta Ina Ƙibar Ke Shigowa?

Ƙofofi huɗu ne. Ta farko ita ce yunwa. Amitiriftilin da mitazafin suna toshe aikin wani sinadari a ƙwaƙwalwa da ake kira histamin, wanda yake da hannu wajen sa mutum ya ji ya ƙoshi. Idan aka toshe shi sai mutum ya ci, ya tashi, kafin a kwashe kwanuka ya ji cikinsa na neman ƙari, musamman kayan zaƙi da na gari. Abin lura a nan shi ne, ƙwayar sifuroheftadin, ɗaya daga cikin waɗanda wasu mata ke sha da gangan don su yi ƙiba, ita ma wannan sinadari take toshewa.

Ƙofa ta biyu ita ce kasala. Waɗannan magunguna suna kawo barci da nauyin jiki, shi ya sa akan sha su da dare. Wanda a da yake takawa daga ɗakin kwana zuwa ɗakin karatu, sai ya koma neman abin hawa.

Ta uku ita ce bushewar baki, wadda amitiriftilin ya shahara da ita. Mai bushewar baki a zafin bazara ba ya raina abin sha, kuma abin da ke kusa da hannu shi ne lemon kwalba, da zoɓo, da kunun zaƙi, da shayi mai kauri. Kwalba ɗaya ta lemo takan ƙunshi sukari kimanin cokalin shayi 8 ko 9. Mai shan uku a rana ya sha abin da in an zuba masa a faranti ba zai iya kallonsa ba.

Ta huɗu kuwa alheri ce, wato dawowar cin abinci. Wanda ciwo ya ramar da shi, in ya fara samun sauƙi dole ya mayar da jikinsa. Irin wannan ita ce murmurewa ta gaskiya, kuma ba ita ake gudu ba.

Abin da Bincike Ya Nuna

A 2018 masana daga King's College da ke Landan suka buga sakamakon nazarin bayanan mutum kusan 300,000, wanda ya shafi shekara 10. Sun gano cewa yiwuwar ƙaruwar nauyi da kashi 5 cikin 100 ko fiye ta fi yawa da kashi 21 cikin 100 ga masu shan waɗannan magunguna, kuma abin ya fi tsanani a shekara ta biyu da ta uku. Mitazafin ne ya zo kan gaba. Kashi 5 cikin 100 ga mai kilo 60 shi ne kilo 3. A 2024 kuma wasu masana a Jami'ar Harvard suka kwatanta magunguna 8 a tsakanin mutum fiye da 183,000. Sun ga cewa bayan wata 6 bambancin da ke tsakanin magungunan, in an yi lissafin tsaka-tsaki, bai kai kilo ɗaya ba, kuma masu shan bufurofiyon su ne suka fi tsira daga ƙaruwar nauyi.

Darasi biyu ke cikin wannan. Na farko, wanda ya ce magani ya sa shi ƙiba ba ƙarya yake yi ba. Na biyu, ba kowa ne ke ƙiba ba, ba kuma kowane magani ne ke kawo ta daidai da ɗan'uwansa ba. Saboda haka akwai wurin zaɓi da gyara.

Tarko Biyu a Bakin Jama'a

A ɗauki misalin wata ɗaliba a shekararta ta uku a jami'a. Ciwon damuwa ya hana ta barci da karatu, har ta faɗi jarrabawa. Aka kai ta asibiti, aka ba ta magani. Bayan wata biyu ta fara samun kanta, bayan wata shida kuwa ɗinkunanta sun matse ta. Da ta je gida hutu, gwaggwanninta suka yi ta guɗa, suna cewa boko ya karɓe ta, suna ƙara mata tuwo da man shanu. Da ta dawo makaranta kuwa ƙawaye suka tare ta da "Ke, wannan teɓa fa?" Wata ma ta tambaye ta ko "sha-ka-fashe" take sha. Ba ta iya cewa maganin asibitin ƙwaƙwalwa ne, don ta san kalmar da za ta biyo baya ita ce hauka. Rannan da dare ta zuba sauran ƙwayoyin a masai, ba ta gaya wa kowa ba.

Tarko na farko shi ne yabon gida. Yana rufe ido daga ganin cewa ƙibar da ta wuce kima takan buɗe ƙofa ga ciwon sukari da hawan jini. Tarko na biyu shi ne ba'ar tsara, kuma ya fi na farko saurin kisa. Wanda ya yanke magani farat ɗaya yakan gamu da jiri, da tashin zuciya, da rashin barci, da saurin fushi. Mafi muni kuma, ciwon kansa yana iya dawowa, tare da tunanin hallaka kai. Shi ya sa ƙa'idar likitoci ita ce a ci gaba da shan magani aƙalla wata 6 bayan an ji sauƙi, in kuma za a daina sai a riƙa ragewa sannu a hankali. Kilo 5 ana iya sauke shi a cikin watanni, amma shekarar karatu da ta salwanta ba ta dawowa, balle rai.

Malamai da ɗaliban harshe sun fi kowa sanin cewa magana zarar bunu ce. Kalmomi irin su "teɓa", da "tumbi", da "ta yi ɓul-ɓul" raha ce ga mai faɗa, amma mai faɗar bai san abin da ke cikin jakar wanda yake wa ba'a ba.

Abin da Ya Kamata a Yi

Nauyi na farko yana kan likita. Wajibi ne tun ranar da ya rubuta magani ya faɗa wa majinyaci cewa yunwa na iya ƙaruwa, ya hau da shi sikeli, ya rubuta nauyinsa. Wasu na ganin faɗar haka zai tsorata mara lafiya ya ƙi shan magani. Wannan hujja ba ta da ƙarfi, domin wanda aka yi wa gargaɗi in ya ga abin sai ya dawo ya yi tambaya, wanda aka ɓoye wa kuwa sai ya ga an yaudare shi, ya daina zuwa asibitin ɗungurungum.

Na biyu yana kan majinyaci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ya gaya wa likita duk abin da ya gani a jikinsa. Ya riƙa auna nauyinsa sau ɗaya a mako ko biyu, a sikeli guda, in ya ga ya ƙaru da kashi 5 cikin 100 ya koma asibiti a duba sukarinsa da jininsa. Bushewar baki a yi mata maganin ta da ruwa, zoɓo kuma a sha shi ba sukari. A rage malmalar tuwo a ƙara miyar ganye. Wake, da zogale, da rama, da dambun kifi ko ƙwai sun fi farar shinkafa da burodi riƙe ciki. In yunwar dare ta taso, kokwamba ko yalo ko gwanda sun fi taliya da ƙwai a teburin mai shayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na minti 150 aƙalla a mako, wato tafiya da sauri ta minti 30 sau biyar. Amfanin wannan biyu ne, domin motsa jiki shi kansa yana rage ciwon damuwa. Amma a guji shayin rage ƙiba da ƙwayoyin kasuwa waɗanda ba a san abin da ke cikinsu ba, a kuma guji horar da kai da yunwa.

In duk an yi wannan abin bai tsaya ba, likita na iya sauya magani. Sai dai sauyi ba wasa ba ne. Maganin da ya fi sauƙin ƙiba yana iya fin ƙarfin aljihun talaka, ko a rasa shi a kantin magani. Bufurofiyon bai dace da mai farfaɗiya ba. Wani kuma maganin da ya sa shi ƙiba shi ne kaɗai ya karɓe shi. Haka nan wanda ciwo ya hana shi ci da barci, yunwa da barcin da mitazafin ke kawowa su ne ainihin abin da yake bukata. Wannan hukunci ne da majinyaci da likitansa za su yanke tare, ba abokin ɗaki ko mai kantin magani ba.

Na uku yana kan dangi. Tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda majinyata ke zama a ƙauyuka tare da 'yan'uwansu suna karɓar magani, domin ya fahimci cewa a Afirka ba a jinyar mutum shi kaɗai. A gidan Bahaushe ma majinyaci ba shi ke riƙe da ludayi ba. In uwa ko matar gida ba ta san dalilin da ya sa ya ce a rage masa tuwo ba, sai ta ɗauka ciwon ne ya dawo. Don haka ya dace a shigar da mai girki cikin shawara.

Kammalawa

An ga yadda maganin ciwon damuwa ke iya kawo ƙiba, da yadda yabon gida da ba'ar tsara ke tura majinyaci ga kuskure. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: kilo 2 na watannin farko ya fi kilo 15 na shekara ta uku sauƙin sha'ani. Likita ya faɗi gaskiya, majinyaci ya riƙe maganinsa ya kuma riƙe sikelinsa, dangi su gyara tukunya. Abokan karatu kuwa, in sun ga wani ya canza jiki, gaisuwa ta wadatar. Wataƙila wannan cikar kumatu ita ce kuɗin da ya biya kafin ya iya dawowa aji ya zauna tare da su.