Taswirar Duniya da Hannun da Ya Zana Ta

A watan Agusta na 1925 babu wanda zai kula da wannan magana, amma a watan Agusta na 2025 Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta goyi bayan masu neman a daina aiki da taswirar Mercator a makarantu da ofisoshi. Dalilinsu a fili yake. Mercator ya zana ta a 1569 domin matuƙan jiragen ruwa, ta kuwa kumbura ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya, har Girinlan ta zo daidai da Afirka, alhali Afirka ta ninka ta wajen sau 14. Lalle ya kamata malamai su goyi bayan wannan gyara. Amma kada a zaci da an sauya takarda a bango an gama.

Kowace taswira tana da ubangida. Al-Idrisi, wanda ya yi wa Sarki Roger na Sisili tasa a 1154, kudu ya sa a sama, ba wanda ya ce ya yi kuskure. A nan gida ma, sa'ad da Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, ya samu taswira daga wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka buga ta a London a 1826. A cikinta Kwara ta nufi gabas zuwa Masar. Masana da yawa sun ɗauka Bello ya san gaskiya sarai, bai dai so ya nuna wa Ingilishi ƙofar shigowa daga teku ba. In haka ne, ya riga mu gane cewa taswira makami ce.

Waɗanda suka zo daga baya kuwa ba su ɓoye nufinsu ba. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi zuwa Barruwa a bakin Tabkin Cadi. A 1898 suka kewaye Sakkwato da baka mai nisan mil 100, sa'an nan suka sāke gyara a 1904 da 1906, domin Faransawa su sami hanya mai ruwa zuwa Damagaram. Rijiyoyin ayarinsu aka duba, ba zumuncin Katsina da Maraɗi ba.

Kaduna kanta 'yar takarda ce. An shata ta kafin a gina ta, aka ƙaurato da hedkwata daga Zungeru a 1917, dokar garuruwa ta wannan shekara kuma ta ce a bar fili yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Malamin da ke son ɗalibai su fahimci Mercator, sai ya fara fita da su daga Lugard Hall zuwa kasuwa, su dubi faɗin filayen gidaje a nan da can, su auna da ƙafa.