Balbela da Ƙwayar Kwalara

'Yan'uwa, wanda ya bi ta fadamar Densu kusa da unguwar Malam, ko ta bakin babbar kwata ta Nima da Maamobi, ya sha ganin balbela tsaye cikin ruwa, fara fat. A cikin wannan ruwa akwai wata halitta da ba mu gani, ita ce ƙwayar kwalara, mai kawo amai da gudawa. A ganina, idan muka gwada su biyu, za mu daina yarda da ruwa don kawai ya yi kyau a ido.

Balbela tana da kai, da fiffike, da ƙafafu. Yaro ma ya jefa dutse, sai ta tashi. Ƙwayar kwalara kuwa jikinta duka ƙwaya ɗaya ce tak, sai da madubin likita ake ganinta. Ba ta da wari, ba ta canza launin ruwa.

Balbela tana kwanci kamar sati uku kafin ta ƙyanƙyashe 'ya'ya kaɗan. Ƙwayar kwalara tana rabuwa biyu cikin ƙasa da awa ɗaya, biyun su zama huɗu, haka har su yi dubbai. Shi ya sa mutum zai tashi lafiya da safe, kafin dare ruwan jikinsa ya ƙare. A shekarar 2014 kwalara ta kama mutane fiye da 28,000 a Gana, yawancinsu a yankin Accra, fiye da 200 suka rasu.

Wani zai ce, "Iyayenmu sun sha ruwan rafi, sun tsufa." Gaskiya ne, amma yara nawa suka binne? Kuma a zango yau mun yi yawa, bayan gida ya yi kaɗan. Da damina ruwa yakan kwaso kashi daga kwata ya shiga rijiya da fasasshen famfo.

Saboda haka ku tafasa ruwan sha, ku rufe shi. Ku wanke hannu da sabulu bayan kun fito daga bayan gida, da kuma kafin cin abinci. Idan gudawa ta fara, ku zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ku riƙa ba mara lafiya, ku kawo shi asibiti nan da nan. Kada ku jira gari ya waye.