Haƙƙin Mage da Kare a Kan Mai Gida

Ya ku malamai da 'yan kasuwa masu karanta wannan shafi, maganata yau a kan mage ce da kare, dabbobi biyu da muke kwana gida ɗaya da su, amma ba mu cika tambayar hukuncinsu ba.

Abin da ya tayar da maganar shi ne dariyar da ake yi wa mutum in magensa ta mutu aka ga ransa ya ɓaci. Na san wani dattijo mai sayar da hatsi, magensa ta yi shekara 11 tana kwana cikin shagonsa, ba a taɓa ganin ɓarnar ɓera a buhunsa ba. Maƙwabcinsa ya zuba shinkafar ɓera, ɓera ya ci, mage ta ci ɓeran, kafin Azahar ta mutu. Dattijo ya kasa cin tuwo ran nan, abokan zama kuwa suka mai da shi abin ba'a, wai babba da gemu yana makokin kyanwa. Ni a ganina masu dariyar nan ne suke bukatar karatu.

Ku tuna da wanda ya fi kowa ruwaito hadisi cikin Sahabbai. Sunan da duniya ta san shi da shi, Abu Huraira, ma'anarsa mai 'yar kyanwa, domin wata ƙaramar mage da yake yawo da ita. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo yadda Abu Ƙatada ya karkata wa mage ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta sha, matar ɗansa tana kallo tana mamaki, ya sanar da ita cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kore najasa daga mage, ya lissafa ta cikin masu kai da kawo a cikin gida. Wanda shari'a ta sa cikin mutanen gida, ina abin mamaki in an ji zafin rashinsa?

Magabata ma sun ji wannan zafi. Ibnul Allaf, makahon mawaƙin nan na Bagadaza wanda ya rasu wajen shekara ta 318 bayan hijira, yana da muzuru mai shiga ɗakunan tantabarun maƙwabta yana cinye 'ya'yansu, har suka kama shi suka kashe. Ya yi masa marsiyya mai baiti fiye da 60, Ibnu Khallikan ya yabe ta, Damiri kuma ya kawo ta cikin Hayatul Hayawan. Wasu sun ce Ibnul Mu'utazz yake wa kuka, wanda aka kashe a shekara ta 296, ya fake da muzuru don tsoron halifa. Ko da hakan ne, ai ba a fakewa da abin da mutane za su ƙi gaskatawa. Mutanen Bagadaza sun yarda namiji mai hankali yana iya zubar da hawaye don magensa.

Iyaka dai tana nan. Ba a yi wa dabba salla, ba a zaman makoki, ba a kururuwa. A haƙa rami a binne ta, kada a jefa ta kan juji yara su ja ta da igiya.

Amma kukan bayan mutuwa shi ne mai sauƙi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne halinmu da ita tana da rai. Ɗan kasuwa ya kulle mage cikin sito, ya tafi fatauci kwana huɗu, ba ruwa ba abinci, yana cewa ai ɓera ya ishe ta. Malami ya ajiye ta don kada ɓera ya ci gafaka da littattafan da ya gada wurin kakansa, sa'an nan ragowar tuwo ma sai ta yi sata take samu. Bukhari da Muslim duka sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ta hana ta ci, ta kuma hana ta fita neman abincinta. Muna karantar da wannan hadisi da safe, da yamma mu aikata irinsa. Masu cewa baƙar mage mayya ce kuwa, su kawo mana littafin da suka gani a ciki.

Kare shi ne aka fi zalunta, kuma da sunan addini. Ku sani, a mazhabar Malik duk mai rai tsarkakakke ne, da guminsa da yawunsa, har kare. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi cikin ruwanta, malamanmu sun ɗauke shi bautawa ce, watau bin umarni ba don ƙazanta ba. Shafi'i ne ya tafi a kan najasarsa. An halatta riƙonsa don farauta da kiwo da tsaron gona, wanda ya riƙe shi haka kawai kuwa ladansa yana raguwa kullum. An ruwaito cewa Ibnu Abi Zaidin, mai Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386, da katangar gidansa ta faɗi kare ya ajiye don tsaro, da aka tuna masa ƙin da Malik ya yi wa haka sai ya amsa cewa da Malik ya ga zamaninsu da zaki zai ajiye. To, ina aka samo jifan karen da ke kwance a inuwa bai yi wa kowa haushi ba? Laifin nan namu ne, mu masu allo, domin almajiranmu ne suka fi kowa gwaninta da dutse, alhali sun haddace Suratul Kahfi, sun kuma ji labarin mutumin da aka gafarta masa don ya shayar da kare ruwa da huffinsa.

Mai kare kuma akwai haƙƙin maƙwabta a wuyansa, babbansa kuwa allurar haukan kare. Tun shekarar 1885 Luwi Fasto na Faransa ya fito da rigakafin ciwon nan, kuma ma'aikatar binciken dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin na karnuka. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 yake kashewa a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, da yawansu kuwa yara ne. In kare ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a tafi asibiti ran nan. Rubutun sha ba na hana shi ba, ni ma ina rubutawa, amma kada ya tsayar da ku ko da yini ɗaya, domin in yaro ya fara tsoron ruwa, likita ba shi da sauran dabara.