RA'AYINMU: Malamin Gona Ma Malami Ne

 

Ya 'yan'uwa, duk wanda ya zauna a Ƙofar Guga lokacin kaka ya san yadda ake shigo da gero da wake daga ƙauyuka, a sayar da su a wulaƙance. Idan bazara ta yi, manomin nan shi ne zai dawo ya auni abin da ya noma da tsada, kuma sau da yawa da bashi mai ruwa. Mun daɗe muna hawa mumbari muna faɗar haramcin riba, kuma gaskiya muka faɗa. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka tambayi abin da ya kai bawan Allah ƙofar mai riba tun da fari.

Ɗaya daga cikin dalilan shi ne tsoron ƙwari. Wake ba ya jure ajiya. Cikin 'yan watanni sai ya zama gari. Saboda haka ko manomi ya rabu da shi da wuri, ko ɗan kasuwa ya zuba masa guba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya ƙasashenta saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Su sun ƙi, mu muka ci gaba da ciyar da 'ya'yanmu. Wannan algus ne, kuma cutar da Musulmi ne. Alhali akwai mafita tun 2007, lokacin da aka fara yaɗa buhun nan mai ninki uku wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka tsara: leda biyu a ciki, buhu a waje. Idan an ɗaure kowanne da kyau, iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu ba tare da ɗigon magani ba. Koyar da ɗaurinsa ba ya cin sa'a guda. Shin ba mu karanta a Suratu Yusuf cewa Annabin Allah ya koya wa mutanen Masar yadda za su ajiye hatsinsu a zangarniyarsa saboda shekarun fari ba? Muna tafsirin ayar kowane azumi, sannan mu tashi kamar ba da mu take ba.

Ga wani abin da ya kamata ya ba mu kunya. A maƙwabtanmu Maraɗi, wani ɗan mishan mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura a 1983 cewa kututturan da manoma ke sarewa kowace shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ya koya masu su bar 'yan rassa masu ƙarfi su girma, su datse sauran. Suka kira shi sassaben zamani. Daga baya masu bincike suka ƙiyasta cewa itatuwa sun dawo a kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina, ya taki gona ba tare da ya yi wa gero inuwa ba. Iska ta daina binne shuka da rairayi. Mata suka huta da tafiya neman itace. Ba taki aka saya ba, ba injin aka shigo da shi ba. Ilimi ne kawai, kuma wani ne ya taka har gona ya kai shi, yayin da mu da muka haddace hadisin ladan dashe muke zaune a birni.

Ba mu ce babu malaman gona ba. Tun shirin raya noma na Funtuwa a 1975 ake da su, kuma hukumar KTARDA tana da nata. Sai dai ba su isa ba, ga kuma rashin tsaro da ya hana shiga wasu ƙauyukan Batsari da Jibiya. Mu kuwa muna da abin da babu wata hukuma da ke da shi: masallaci a kowane ƙauye, da jama'a masu taruwa sau biyar a yini.

Malamai sun ce sanin sana'ar da al'umma ba ta rayuwa sai da ita farilla ce ta kifaya. Idan kowa ya bari, kowa ya yi laifi. Kuma manomin da amfaninsa ya kai nisabi, ausuƙi 5, ya tashi daga mai karɓar zakka ya koma mai fitar da ita.

Don haka muna kira ga shugabannin rassa da su tuntuɓi malaman gona da ke cikin 'yan'uwa, a ba su lokaci bayan wa'azin ƙauye, su nuna a aikace, da buhu da wuƙar sassabe a hannu. Makarantun Islamiyya masu fili su keɓe kunya goma don ɗalibai. Kwamitin zakka kuma ya duba halaccin saya wa matalautan manoma buhunan ajiya daga asusun sadaka, a raba kafin a fara roron wake.